Ni Na Danna, Tato Ke Zargin Kansa

Zuwa ga Doreen, mai filin ba da shawara a jarida,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, sau uku ina farawa ina gogewa. Yau kwana tara ina yawo da wani ɗan rimot a aljihun rigar sanyina, bai fi akwatin ashana ba, na cire masa batir, amma ko hannuna ya goge shi sai in tuna abin da na yi. Na kusa kashe mahaifina, bai sani ba, kuma ranar Alhamis ɗin nan zai je wurin likita ya ce a karɓe lasisin tuƙinsa saboda laifin da ni na yi.

Shekarata hamsin da ɗaya. Na dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mahaifiyarmu, daga ni sai shi. Tato muke ce masa tun muna yara, yadda shi ma yake kiran nasa uban. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai giyar hannu wadda ta girmi 'yata. Kullum da safe, ko sanyi ya kai talatin da biyar ƙasa da sifili, sai ya fita ya zare wayar ɗumama inji daga gaban motar, ya tayar da ita, ya zauna a ciki yana hura hannu har gilashi ya washe. Daga nan ya tafi shagon kofi wurin abokansa, su yi ta gardamar farashin alkama, alhali babu mai noma ta a cikinsu yanzu. Yatsunsa duk sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai. Ina kallonsa ta tagar kicin yana kokawa da wayar nan, abin yana cin raina. Shi ne na ce ranar da zai cika saba'in da tara zan ba shi mamaki, in sa masa na'urar da ke tayar da mota daga nesa, ya danna yana kan tebur, ya fita ya tarar da ɗumi.

Na fara zuwa wurin mai gyaran wutar mota na garinmu, Wendell. Ya ce ba ya sa irin wannan a mota mai giyar hannu, sai wata ta musamman da za a yi mako shida ana jira, ita ma sai mai motar ya zauna an koya masa. Da a nan ya tsaya da na haƙura. Ina juyawa sai ya ce, “Kuma kada ki ce za ki yi da kanki.” Ni yake gaya wa haka. Ni da Tato ya koya wa canza kuloci ina 'yar shekara sha shida, yayana Orest na gefe ba abin da ya iya sai riƙe fitila. Na fito raina a ɓace, ban kai gida ba sai da na yi odar wata ta intanet, haɗe da jiniyar ɓarayi, duk a kwali ɗaya.

Sai ga shi Tato ya tafi Yorkton wurin Orest kwana uku don a duba masa ido. Na shigar da motar gareji, na kwanta ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje. Ban taɓa yin irin aikin ba, waya goma sha bakwai, kowace da launinta, ga rubutun takardar ƙanana kamar tururuwa. Ban yanka ko ɗaya ba sai da na gwada ta da mitar auna wuta, na liƙe kowane haɗi da dalma, na naɗe. Na yi aikin da tsabta, shi ne ma ya fi ba ni haushi. Jiniyar ban haɗa ba don kada ta tona mini asiri, 'yar jar fitilarta mai ƙyaftawa kuma na rufe ta da baƙin salatif. Da na gama na danna, shiru. Motar ba ta tashi sai an taka kuloci, akwai ɗan makunni a bayan fedar da ke hana ta. Na ɗauki guntuwar waya na zagaye shi, na danna, ta tashi, na yi rawa ni kaɗai a gareji.

A shafin farko na takardar an rubuta da manyan haruffa cewa ba a sa wa mota mai giyar hannu. Na gani, Doreen, ba zan ce ban gani ba. Na ce ai zan gaya masa ya riƙa barin ta a firi. Kin san mu nan da hunturu ba mai jan birkin hannu, daskarewa yake yi ka kwana a wurin, a giya ake barin mota. Tato ne ya koya mini haka, har buge mini hannu yake yi in na kai wa birkin. Shekara sittin hannunsa na sa giya ɗaya kafin ya zare makulli, ni kuma na ɗauka da kalma biyu zan sauya shi.

Na mayar da motar inda take kwana, hancinta na kallon ƙofar gareji, na bar ta a firi, na sa mata katako a taya. Ranar Juma'a Orest ya dawo da shi ina wurin aiki. Ashe ya ture katakon, ya je gidan waya ɗauko wasiƙu, ya dawo ya ajiye ta daidai inda take, a giya. Dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe sawun. Ni ban san ta motsa ba.

Asabar da safe, ranar da ya cika shekarun, ya sa hularsa mai kunnuwa ya fita. Na goge ɗan wuri a jikin taga da tafin hannu, ina dariya tun kafin komai. Na ga ya shiga tsakanin motar da ƙofar gareji, ya sunkuya wurin wayar. A lokacin na danna. Da gangan na zaɓi lokacin, so nake fitilu su haska masa fuska ya zabura mu yi dariya. Ba abin da ya faru. Na tsaya ina jujjuya rimot ɗin ina tsaki, can na tuna sau biyu ake dannawa a jere. Kafin in tuna ya zagayo, ya buɗe ƙofa, ya soka makulli, ƙafarsa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Na danna sau biyu.

Motar ta yi tsalle ta daki ƙofar gareji har ta lotsa, shi kuma ta watsar da shi kan ƙanƙara. Na danna na kashewa, na fita da safa kawai a ƙafata. Hannunsa na hagu ya karye a wuyan hannu, amma ba shi yake kallo ba. Ni yake kallo, ya ce, “Ban tuna na murɗa makullin ba.” A nan ya kamata in faɗa. Rimot ɗin na cikin tafin hannuna. Sai na ce ya yi shiru kada ya motsa, na cusa abin a aljihu.

Abin da ya raba shi da mutuwa mantuwata ce kawai. Da na tuna sau biyu ne tun farko, da tsakanin ƙarfe da ƙofa zan ɗauko shi. Ina wanke kwano in ga hular nan tana sunkuyawa, ina tuƙi in gan ta.

Ki gane dalilin da ya sa maganarsa ta fi karayar muni. Ciwon mantuwa ne ya ɗauke mahaifiyarmu, shekara shida Tato na jinyarta, ya san yadda abin yake farawa. A asibiti Orest ya maimaita abin da ya shekara yana faɗa, cewa lokaci ya yi da za a ajiye tuƙi, ya sa aka ba shi ranar ganin likita. Tato da ke gardama ko da rediyo, gyaɗa kai kawai ya yi.

Ba a nan na tsaya da ɓarna ba. Na koma na karanta takardar har ƙarshe, na ga akwai tsarin da na'urar ke tayar da mota da kanta in sanyi ya yi tsanani, kuma ban san ko a kunne yake ba. Ranar Lahadi yana barcin rana na lallaɓa na kwance kan batir, na mayar da giya firi. Litinin na dawo daga aiki na tarar an ɗaure kan batir tsaf, giya ta koma ɗaya. Da hannu ɗaya ya yi. Muna cin abinci ya tambaye ni, kamar ba komai ba, ko na ga ya buɗe bonet jiya. Na ce ban gani ba, kuma gaskiya ne ban gani ba, kin ji irin gaskiyar da nake faɗa yanzu. Da zan wanke masa riga na tarar da 'yar takarda a aljihu da rubutunsa: “Murhu, na kashe. Magani, na sha. Kan batir, ni ne? Giya a firi, ni ne?” Irin takardun da yake rubuta wa mahaifiyarmu ne ya liƙa a jikin firji. Na zauna a ƙasa gaban injin wanki na yi kuka.

Na zare fis biyu masu kai wa na'urar wuta da na tuna na sa, amma da na ɗaga salatif, jar fitilar na nan tana ƙyafta mini ido. Cire na'urar gaba ɗaya aikin yini ne, shi kuma yana gida yini guda da hannu a ɗaure. In na taɓa motar ya ƙara zargin kansa, in na bar ta ban san ranar da za ta tashi ba. Kuma har yanzu duk safiya sai ya fita ya zare wayar nan ya mayar, wai kada injin ya manta da shi, ya tsaya a daidai wurin. Ina tsaye a taga ina kallonsa har ya bar gaban motar.

Akwai abin da nake jin kunyar rubutawa. Wani lokaci zuciyata kan ce in yi shiru kawai. Ya kai saba'in da tara, bara ya goge mota da turken shagon kofi, ko ba yanzu ba ranar tana tafe. In na yi shiru motar za ta bar gidan, Orest ya sami kwanciyar hankali, ni ma babu mai sani. In na faɗa, Orest zai ce ban isa a bar mini tsoho ba, da ma so yake a sayar da gidan a kai Tato gidan kula da tsofaffi. Kuma ba faɗan Tato nake tsoro ba. Mutumin da injin girbi ya cinye wa kan yatsa, wanda ya sa na rantse ina yarinya ba zan taɓa zagaye abin kariya a jikin inji ba, yaya zan dubi idonsa in ce na yi, na danna yana gaban mota, na kuma bar shi kwana tara yana rubuta wa kansa takardu? Shi kaɗai ne a duniya yake cewa hannuna ya fi na maza goma.

Yaya zan yi? Ki buga wasiƙar a jarida in kina so, amma ki canza sunaye. Duk Laraba sai ya karanta filinki da ƙarfi a kan tebur yana musu da ke, “matar nan mai baki” yake ce miki.

Wadda Ta Danna,
wani gari kusa da Yorkton

*

Ya ke Wadda Ta Danna,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, sannan na kira makanikena kafin in fara rubutu, domin motar ce ba za ta jira mu gama magana ba. Ya ce tun da fitilar na ƙyaftawa, na'urar na samun wuta ta wata hanya, kuma kada ki yi caca da ita. Yau ɗin nan ki cire batir ɗin ɗungurungum ki shigo da shi cikin gida, ki sa katako gaba da bayan taya, kada kowa ya sake tsayawa a gabanta. Ki kira Wendell ya zo ya ja ta zuwa shagonsa, ba tuƙa ta za a yi ba, ya cire komai, ya mayar da makunnin kuloci yadda yake. Zai ce ai ya gaya miki. Ya gaya miki ɗin, ki ce masa haka ne, ba za ki mutu ba.

Kin lura ba za ki iya shigo da batir kicin ba tare da mahaifinki ya tambaya ba. Na lura ni ma, shi ya sa na fara da shi.

Ba zan ce miki kuskuren ƙarami ne ba, domin ba za ki yarda ba, kuma ba ƙarami ba ne. Kin ga gargaɗi kin tsallake saboda wani ya taɓa miki girman kai. Amma kuma kwana uku kika yi kwance a ƙasa mai sanyi saboda yatsun tsoho suna miki ciwo a zuciya, wannan ma gaskiya ne, kuma ya san wace ce 'yarsa. Dannawar ta wuce, hannu zai warke. Abin da ke ci gaba da yi masa illa shi ne shirunki. Duk safiya yana tashi da tunanin cewa ciwon da ya ɗauke matarsa ya zo kansa, maganin kuwa yana aljihun rigarki.

Game da muryar da ke ce miki ki bari a karɓe lasisin, na gode da kika faɗe ta, ba kowa zai iya ba. Mai yiwuwa ne nan da shekara ɗaya ko uku ya kamata ya ajiye tuƙi. In ranar ta zo, ta zo da dalilinta na gaskiya. Ba makulli kaɗai zai miƙa ranar Alhamis ba, zai miƙa yardar da yake yi wa kansa, kuma mutumin da ya daina yarda da ƙwaƙwalwarsa da wuri yake tsufa.

Ga yadda zan yi da ni ce. Ki same shi shi kaɗai, da rana, a kan teburin nan, kafin Orest ya ji. Ki ajiye rimot ɗin a gabansa. Kada ki fara da ban haƙuri ko da tarihin kyautar, ki fara da abin da yake bukata: ba shi ya murɗa makulli ba, ke kika tayar da motar daga taga. Sannan kan batir, sannan giya, ɗaya bayan ɗaya, har takardar aljihunsa ta ƙare babu tambayar da ba ta sami amsa ba. Ki faɗa masa har dannawar farko. In kika rage wani abu, gobe za ki sake samun abin ɓoyewa. Ki yi ƙoƙari ki riƙe kukanki har ki gama, kada ya zama shi ne mai rarrashi kafin ya fahimci abin da ya ji. Bayan haka ki ba shi haƙuri, ki bar shi ya yi fushinsa. Yana da haƙƙin ya yi kwanaki ba ya kula ki. Tsohon da ke fushi da 'yarsa ya fi wanda ke tsoron kansa lafiya nesa ba kusa ba.

Orest ba abokin gabarki ba ne. Shi ma ya ga yadda mahaifiyarku ta ƙare, shi ma tsoro ne ke magana da bakinsa. Ki kira shi da kanki a ranar. Zai faɗi maganganu, wasu kin cancanta, wasu ba ki cancanta ba. Zancen sayar da gida kuwa ba naki ba ne ba nasa ba, na mai gidan ne, kuma da zarar ya san hankalinsa ƙalau, zai iya tare wa kansa. Kada ku soke ganin likita. Ku je ku uku, ki faɗa wa likitan abin da ya faru da bakinki, a duba shi a kan gaskiya. In an kai rahoton haɗarin wani wuri da sunansa, a gyara.

Saura abu ɗaya. Na canza sunaye kamar yadda kika ce, amma a-kori-kura nawa suka daki ƙofar gareji a garinku watan nan? Kin san wanda ke karanta filin nan ranar Laraba, ke kika gaya mini. Ina jin shi ya sa kika rubuto mini maimakon wani, so kike in faɗa a madadinki. Na tura miki wannan amsa ta imel yau Litinin don ki riga ni. Kada ki bari ya ji daga matar nan mai baki, daga gare ki ya kamata ya ji. Ina miki fatan ƙarfin zuciya, shi kuma Allah ya ba shi lafiyar hannu, ya mayar da shi teburin kofi su ci gaba da gardamar alkamarsu.

Kai kuma Tato, in ka kawo nan da karatu kuma 'yarka ba ta sami bakin magana ba tukuna, ka ajiye jaridar ka dube ta, tana nan kusa da taga. Ba ka tuna ka murɗa makullin ba ne domin ba ka murɗa ba.

Doreen